Maganaɗisun Hagu

"Kai ka ce ba ya faɗuwa! Da bakinka ka faɗa!"

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Sakar min wuya, Babaji."

Babaji bai saka ba. Ya ƙara murɗe wuyan rigar Bitrus mai walda, ya ja shi har gaban injin kwaɓa siminti. An watsa yashi a wurin, amma jinin ya huda yashin ya fito. Na ƙanen Babaji ne, Siddiq. Jiya Litinin da hantsi murfin da ke rufe bel ɗin injin ya zame, bel ya kama hannun rigarsa, ya haɗa da hannun. A asibiti aka ƙarasa yanke shi daga gwiwar hannu.

"Kowane inji da noti ake ɗaure mashi murfi, ko a yi mashi walda. Kai kaɗai ka liƙa da maganaɗisu kamar wasan yara. Don mi?"

"Don a riƙa cirewa ana wankewa. Tun bara yana nan bai motsa ba. Wani ne ya cire ɗaya."

"Wani wa? Wa ke da sukurudireba a nan in ba kai ba?"

Filin kamfanin bulo da kwalbati na Alhaji Mahmud, bayan Ƙofar Marusa, ya cika da mutane. Tun da soja suka koma bariki aiki ya buɗe, kowane kansila yana son kwalbati a unguwarsa, inji ba ya hutawa sai Lahadi. Amma a watan nan rediyo ba ta kawo labari mai daɗi daga Kaduna, kuma kowa ya soma tuna daga ina maƙwabcinsa ya zo. Bitrus tun yana saurayi yake Katsina. Yau babu mai tuna wannan. A bakin ƙofa wani matashi na zaune a kan jarka, kuma ba ta ruwa ba ce.

Mai unguwa ne ya shiga tsakani. Ya sa aka kai Bitrus ɗakin ajiyar siminti aka kulle, ya jefa makullin a aljihunsa.

"Ku ba ni zuwa la'asar," in ji shi. "Alhaji ya aika Batagarawa a zo da Sammani."

"Zuwa la'asar," Babaji ya maimaita. "Daga nan kuma ba ruwanka."

*

Sammani mai bin sawu ya sauka daga kan babur ana tsakar rana. Dogo ne, busasshe, ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama kallon ƙafarsa. Shanun sata ya saba bi.

"Ban taɓa bin sawun ƙarfe ba, Alhaji."

"Ƙarfe bai tafi da ƙafarsa ba, Malam Sammani. Mutum ya ɗauke shi."

Gaban injin an tattake shi kamar kasuwa. Bai ɓata lokaci a nan ba. Ya zaga baya, wani ɗan tsukin wuri tsakanin inji da katanga inda garin siminti ya kwanta lumus, ba wanda ya shiga. Ya tsuguna ya daɗe.

Wani ya jawo murfin nan baya, ya kwantar da shi, ya durƙusa a gabansa. Ga gurbin gwiwoyi biyu. Ga sawun silifa mai cinyayyiyar dunduniya. Ga tafin hannu an dafa ƙasa da shi, ga wani tafin a jikin katanga. Wanda ya durƙusa a nan da ƙyar ya tashi. A gefen gurbin gwiwar kuma akwai ɗan burbushi ja-ja. Ya lakato da yatsa ya shinshina. Dusa ce.

Ya sa aka kawo murfin. Farantin ƙarfe ne, a ƙasa yana da leɓe da yake zama a kai, a sama ta ciki kuma wurin maganaɗisu biyu, dama da hagu. Na dama yana nan, fari, mai ƙyalli, faɗinsa bai wuce murfin kwalba ba, yana zaune cikin ɗan kwanon ƙarfe, an ɗaure shi da sukuru ta hudar tsakiya. Na hagu sai huda.

Sammani ya kai hannu. Makullan da ke rataye a wuyan hannunsa suka yi tsalle suka manne, kas! Da ƙyar ya ɓamɓare su.

"Wannan ba irin baƙin nan na cikin lasifika ba ne," in ji Alhaji Mahmud. "Daga Legas Bitrus ya sa na sayo. In ya kama maka yatsa sai ka ga jini."

Garin ƙarfe ya taru a jikinsa kamar gemu. Sammani ya share da tsinke. A cikin garin akwai wani abu siriri mai tsini. Ya ɗago shi a rana. Bakin wuƙa ne, ya karye. Kan sukurun kuma duk an kwarzane shi.

"An fara da na dama, wuƙa ta karye, aka koma na hagu," ya ce. "Mai sukurudireba ba ya wannan wahala."

Babaji, da ke tsaye a kansa tun ɗazu, ya yi tsaki. "Mai wayo yana yi, don a ce ba shi ba ne."

"Bitrus takalmin ƙarfe yake sawa, ba silifa ba," in ji Sammani.

"Takalmi ana canzawa."

Sammani ya kira mai gadi. "Ranar Lahadi wa ya shigo?"

"Babu kowa, Malam. Wallahi baƙo ko ɗaya bai shigo ba."

*

Ɗakin siminti ba taga. Bitrus yana zaune a kan buhu, leɓensa ya fashe.

"An ce kun yi faɗa da yaron," in ji Sammani.

"Ba faɗa ba ne. Ya ƙure rediyo ina aiki, na ce ya rage. Ya ce in ba na son ji in koma garinmu. Na ce masa nan ne garinmu. Shi ke nan. Washegari ma tare muka ci ɗanwake."

"Lahadi kana ina?"

"Coci, daga nan gida. Amma wa zai karɓi shaidar 'yan cocinmu yau?"

Sammani ya koma kan maganar murfin. "In an cire ɗaya, murfin zai tsaya?"

"Zai tsaya, in inji a kashe yake. Ka ga kamar lafiya lau. Sai an tada shi ya fara girgiza, sai ya riƙa zamewa a hankali. Ko ni da na zo da safe ban gane ba." Ya sunkuyar da kai. "Ni na koya wa Siddiq riƙe injin nan, Malam. Hannun nan ni na ɗora shi a kai."

Daga waje wani ya buga ƙofar da dutse. Suka ji sawunsa ya yi nisa.

"In ka bi ta gidana," in ji Bitrus, "ka ce wa matata Rahila ta daina ɗaure kaya. In aka ga tana ɗaure kaya, cewa za a yi mun amsa laifi."

*

Ma'aikata uku daban-daban suka ambaci Yari mai sayen tsohon ƙarfe. Yana shiga kamfanin kwasar guntayen rodi, yana da ciwon gwiwa, yana kiwon kaji a bayan rumfarsa. Gwiwa da dusa. Sammani ya tafi.

Ya same shi a kan benci, ƙato, yana fifita da kwali.

"A'a, mai bin sawu! Saniyar wa ta ɓata a cikin gwangwanina?"

"Miƙo ƙafarka."

"Subhanallahi. Ko gaisuwa?"

Suka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da zafi. Sannan Yari ya miƙo ƙafar. Silifarsa ta kusa ninka wadda ta bar sawu a bayan inji. Wuƙarsa ma ya zaro ya nuna, bakinta lafiya.

"Ni in saci maganaɗisu? Ga nawa nan." Ya nuna wani baƙin zobe mai faɗin faifai, rataye da igiya, wanda yake gwada ƙarfe da shi. "Ni ake roƙo, ba ni ke roƙo ba. Mai shago ya zo, wai a sa a akwatin ciniki ya jawo masu saye. Tela ya zo, wai tsintar allura. Satin da ya wuce ma an zo har nan, aka juya shi aka juya, aka ce ya yi girma."

"Ya yi girma ga mi?"

"Ban tambaya ba."

"Wa ya zo?"

Yari ya daina fifita. Ya dubi hanya, ya dubi Sammani. "Malam, ni ƙarfe nake aunawa, ba mutane ba. Akwai gidan da ke cikin jaje, ba ni zan ƙara masu ba."

Ya ankara da abin da ya faɗa bayan ya faɗa. Ya ɗauki kwalinsa ya ci gaba da fifita, bai sake ɗago ido ba.

Sammani ya tsaya a inuwar katanga. Maganaɗisun da ya yi girma. Mai shago ba ya ƙin babba. Tela ma haka. Wuri ɗaya ya sani da ake son ƙarami mai ƙarfi, a ruga ya gani, kuma wurin maƙogwaro ne.

*

Gidan Malam Sada, mahaifin Siddiq da Babaji, yana kallon bayan katangar kamfanin. An shimfiɗa tabarmi a zaure, masu jaje suna shiga suna fita. Tsohon yana kusurwa da tasbaha, ba ya ja, riƙe ta kawai yake.

"Malam, ya mai jiki?" in ji Sammani.

"Da sauƙi."

"Ya muka ji da wannan abu? Allah ya sa kaffara ce."

"Amin."

"An ce ɗanka Babaji yana neman ɗaukar rai a kan wannan magana."

Aka kira azahar. Ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya dafa bango da ɗayan, ya miƙe a hankali. Sammani ya bi silifarsa da ido har ya fita.

A gefen gidan akwai rumfar kara. An ɗaure wani farin sa a ciki, mai ƙaton tozo, irin wanda ake turkewa don kasuwar Layya. Wata tsohuwa tana zuba masa dusa a kwatarniya, idanunta sun kumbura. Furera ce, uwar yaran.

"Sannu, Inna. Sa ya yi kyau."

"Hm. Da ka gan shi satin da ya wuce. Ya ƙi ci, ya gantsare baya, in ya motsa sai nishi. Aka ce ƙusa ya haɗiya, ko waya, cikin tarkacen kamfanin nan da iska ke kawowa. Malam har ya daina barci, duk abin da muka mallaka shina jikin dabbar nan." Ta share ido da gefen mayafi. "Tun jiya kau ya soma ci. Shi kaɗai ya samu sauƙi a gidan nan."

"Wane magani aka ba shi?"

"Malam ya sani. Ni dai na ga ya sa an riƙe mashi kai."

"Ruwan da yake sha fa, daga ina?"

"Famfon kamfanin Alhaji. Malam ke ɗebowa kullum."

Sammani ya shafa wuyan san.

"Inna, ara min allura da zare."

*

Da aka sallame la'asar mutane sun ninka na safe. Mai unguwa ya buɗe ɗakin siminti. Sammani ya ce ba a nan za a yi ba, a ƙofar gidan Malam Sada za a yi.

"Ka kai shi ƙofar gidanmu?" in ji Babaji. "To, ka sauƙaƙa mana."

Tafiyar gajera ce, amma ta yi tsawo. Mai unguwa a gaba, Alhaji Mahmud a baya, Bitrus a tsakiya. Wani ya tofa masa yawu a kafaɗa, bai goge ba. Mai jarka yana biye. Can nesa, a bakin lungu, Rahila na tsaye ta rungume hannuwa.

Aka tsaya gaban rumfar san. Yari ya zo, mai gadi ya zo. Malam Sada yana bakin zaure a kan buzu.

Sammani ya sa aka jingina murfin inji da bango. Ya ɗaga zare, allura tana lilo a ƙarshensa.

"Kowa ya duba."

Ya matsar da ita kusa da maganaɗisun dama. Tun da saura tazara allurar ta miƙe ta nufe shi, zaren ya ɗaure. Ya janye ta.

"Haka take yi in ta ji shi. Ɗan'uwan wannan ne ya ɓata. Duk inda yake, za ta faɗa."

Ya bi da ita jikin Bitrus, aljihu da ƙugu. Ba ta motsa ba. Ya bi da ita jikin Yari. Ba ta motsa ba.

"Sai mi?" Babaji ya daka tsawa. "Zai yawo da shi a aljihu ne? Ya jefar a rijiya!"

"Riƙe min igiyar sanku."

"Mi ya haɗa sa da wannan magana?"

"Riƙe dai."

Babaji ya riƙe, don mutane na kallo. Sammani ya tsuguna a gefen hagu na san, bayan ƙafar gaba, inda abu mai nauyi ke kwanciya in dabba ta haɗiye shi. Ya saki allurar.

Ta yi lilo, ta tsaya cik. Ƙasa take kallo.

Aka soma guna-guni. Wani ya ce ɓata lokaci ne. Wani ya ce an saye mai bin sawu. Sammani ya ji ƙarar murfin jarka ana kwancewa a bayansa. Gumi ya gangaro masa cikin ido, bai share ba. Ya sauke zaren ƙasa kaɗan. Babu. Ya matsa gaba, kusa da ƙirji, har allurar tana shafar gashi. Babu.

San ya ja numfashi, ya sauke, cikinsa ya saki.

Bakin allurar ya ɗaga. A hankali, kamar mai jin kunya, ta karkata ta kwanta a jikin fatar, ta tsaya a nan. Sammani ya janye ta. Ta koma. Ya sake janyewa. Ta sake komawa.

"Makiyaya na yi," ya ce, bai ɗaga murya ba. "In dabba ta haɗiyi ƙusa, sai a ɗura mata maganaɗisu ya tattara ƙusar wuri ɗaya, ta daina sukar ciki. Sai dai ana son ƙarami, wanda zai wuce maƙogwaro." Ya juya wajen mai gadi. "Ka ce Lahadi ba wanda ya shigo."

"Baƙo na ce, Malam." Mai gadi ya dubi ƙasa. "Baba Sada ya ɗebi ruwa. Ai shi na gida ne."

Igiyar ta zame daga hannun Babaji.

"Baba?"

Malam Sada bai dubi ɗansa ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar wuƙarsa ta yankan goro, ya ajiye a kan buzu. Ba ta da baki.

"Biyu na gani," ya ce. "Na ce ɗaya ya isa ya riƙe. Na mayar da murfin, na girgiza shi da hannuna, bai motsa ba. Na girgiza shi, wallahi."

"Baba, tun jiya kana ji ina cewa zan ƙone mutumin nan."

"Ina ji."

"Ba ka ce komai ba."

"In na buɗe baki, uwarku za ta ji."

Ta riga ta ji. Daga cikin gida kwatarniya ta faɗi ta fashe, sannan wani sauti ya biyo baya wanda ya sa maza suka sunkuyar da kai.

Babaji ya durƙushe a cikin kashin san, ya rufe fuska da hannuwa biyu. Ba wanda ya ɗaga shi. Taron ya soma zubewa daga baya, ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da wurin zuwa. Mai jarka ya mayar da murfinta, ya ɗauka, ya bi ta lungu kamar wanda aka aika sayen kananzir.

Mai unguwa ya gyara murya. Ya kama hannun Bitrus da hannu biyu.

"Ka yi haƙuri, Malam Bitrus. Zuciya ce. Kai namu ne, kowa ya sani."

"Ƙwarai kau," in ji Alhaji Mahmud. "Gobe ka fito aiki. A ɗaure murfin nan da noti, a wuce wurin."

Waɗanda suka rage suka gyaɗa kai. Wani ma ya miƙo hannu, wanda ya tofa yawun.

Bitrus bai karɓa ba. Sai yanzu ya goge kafaɗarsa. Ya dubi matarsa a bakin lungu, ya dubi san da ya ci gaba da tuƙa, ya dubi zaren da Sammani ke naɗewa a yatsa.

"Ranka ya daɗe, na ji," ya ce wa mai unguwa. "Abu ɗaya nake son a gaya min, in kai wa Rahila. Da allurar nan ba ta motsa ba fa?"